Shekarar da Na Zama Idon Oga Istifanus

Ran nan ina kishingiɗe a tsakar gida na ji Abdulhadi yana gaya wa abokansa cewa babansa ne ya kai intanet unguwar Inkil tun mutanen garin nan ba su san ta ba. Ban gyara masa ba, har ma na ji daɗi, Allah Ya yafe mini. Na daɗe ina barin irin wannan magana ta wuce, domin yabo yana da daɗin ji ko da ba naka ba ne. Amma shekaru sun ja, kuma ba na so ku 'ya'yana ku gaji labarin da ba haka yake ba. Akwai wani mutum da ya san aikin, ni kuwa ara masa idanuna da yatsuna na yi. Duk abin da kuka ci kuka sha a gidan nan daga wannan shekarar ya samo asali, kuma babu lokacin da na fi kewa a rayuwata kamarta.

Sunansa Istifanus, mutumin wajen Bogoro, baƙi siriri mai furfura a gefen kunne. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Oga nake ce masa. Wani Alhaji ne ya buɗe ɗan kamfani a saman bene kusa da kasuwa, yana sayar wa shagunan kwamfuta da makarantu da ƙananan asibitoci intanet, ya ɗauko Oga ya damƙa masa ɗakin na'urori. Ni kuwa daga Ƙofar Dumi na fito, da takardar sakandare wadda ba na son a tambaye ni abin da ke cikinta, da ɗan gyaran rediyo da na koya a shagon kawuna. An ɗauke ni ne don hawa dogon ƙarfen eriya da jan waya. Oga ne ya ga ina yawan leƙe ta bayansa, ya jawo kujera ya ce in zauna kafin wuyana ya karye.

Sai na yi muku bayanin aikin kaɗan, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya faru ba. Rawuta na'ura ce da ke tsaye a mararraba, duk saƙon da ya zo ita ke nuna masa hanya. Muna da ɗaya a ofis, da wata a gindin dogon ƙarfenmu na Tirwun, da wata a Inkil wadda ke karɓa daga ta Tirwun. Ba sai ka je inda suke ba. A ofis akwai wata na'ura da masu aikin ke kira tamina saba, Oga kuwa zaure yake ce mata, domin in ka shiga cikinta daga kwamfutarka sai ka tarar da ƙofofi, kowace ƙofa tana kai ka ga rawuta guda. Ka shiga Tirwun, ka danna wasu maɓallai ka dawo zaure ba tare da ka rufe ƙofar ba, ka leƙa Inkil, ka sake komawa. Ita rawuta ba mai surutu ba ce, aikinta kawai take yi. Amma akwai umarnin da ake kira dibog, in ka ba ta shi sai ta dinga faɗin abin da take yi a rubuce, layi na bin layi da gudu. Wahalar ita ce, in ka kunna mata dibog ka fita ka shiga wata ƙofar, ba ta yin shiru don ka tafi. Maganarta taruwa take yi a bakin ƙofa, kana dawowa ta zubo maka gaba ɗaya, na farkon ma ya riga ya zube ya ɓace saboda wurin ajiyar ƙarami ne, ta kuma kutsa tsakiyar abin da kake rubutawa har ka rasa inda ka tsaya.

Ni mutum ne mai garaje, kun sani, kun sha fama. Farkon zamana a kujerar nan na ba rawutar Tirwun umarni ta faɗi komai da komai lokaci guda. Maganar ta shaƙe ta, ta kasa aiki, ta kasa jin umarnin da zan ba ta na yin shiru, sai da na hau babur har Tirwun na kashe ta na kunna. Da na dawo, jikina duk zufa, Oga yana ɓare gyaɗa bai ko ɗaga kai ba.

“Malam Gaggawa, wa ya ce ka tambaye shi komai? Ko Hauwa'u, in ka tsare ta ka ce ta faɗa maka duk abin da ke ranta, ai ranar ba za ka ci tuwo ba. Abu ɗaya ake tambaya. In ya ba ka amsa, ka rufe masa baki kafin ka fita.”

Haka Hausarsa take, galibi namiji da mace duk shi ne a wajensa, in ban da Hauwa'u, Ummanku, wadda yake girmamawa ƙwarai.

A hankali na lura yana ƙara wa rubutun allon girma, yana matsawa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Daga baya ya fara cewa in karanta masa, wai tabaransa ya yi datti. Wata rana da hantsi ya rubuta umarnin da aka nufa da Tirwun alhali muna cikin Inkil, ga sunan nan ɓaro-ɓaro a farkon layi. Na riƙe masa hannu kafin ya danna. Ya janye hannunsa, ya jingina da kujera.

“Sabo, rufe ƙofa.”

Na rufe.

“Rubutun nan da ke gudu, tun kafin azuminku ban gan shi ba. Hayaƙi nake gani. Likita ya ce sukari ne ya hau idon.”

“Innalillahi. Oga, babu magani?”

“Akwai na rage masa sauri. Ka ji, 'yata Rifkatu yana makarantar jinya, saura masa shekara. In Alhaji ya sani, ka san abin da zai biyo baya, kuma ban ga laifinsa ba. Ina so in kai yarinyar nan gaci. Za ka zama idona?”

Na ce zan zama. Ban yi tunani ba, kamar yadda na saba, amma wannan karon garajen ya yi mini rana.

Watannin da suka biyo baya su ne nake kewa. Fanka tana juyawa a sama, na'urori suna ƙugi a kusurwa, hayaniyar kasuwa tana shigowa ta taga, shi yana jingine ya rufe ido da gorar kununsa marar sukari a gefe, ni ina kan madannan kwamfuta. Ya ce shiga Tirwun, in shiga. Ya ce kunna kaza, in kunna, in dinga karantawa da Turancina mai ɗingishi, yana gyara mini. Wani lokaci ya ɗaga yatsa ya ce in maimaita layin da ya wuce, sa'annan ya bayyana mini abin da na'urar take nufi, da misalin gona ko na tasha ko na rigimar maƙwabta. Abin da malamai suka kasa cusa mini a aji, a bakin mutumin nan ya shiga kamar ruwa. In ya ji kiran azahar kafin ni, sai ya taɓa kafaɗata.

“Tashi ka je ka yi sallarka. Inkil ba zai gudu ba.”

Da bazara ta kama, Inkil ta fara gudun. Kullum rana ta take sai hanyarta ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa, sai yamma ta yi sanyi ta daidaita. Akwai wani ƙaramin asibitin haihuwa da wata makaranta da ke kanta, suka dami Alhaji da waya. Muka canja eriya, muka canja batir, babu abin da ya sauya. Wata rana Alhaji ya kira ni ƙasa, ya tsaya jikin motarsa yana kaɗa makulli.

“Sabo, ni fa ina lura. Kullum kai ne a kan madannai, shi yana zaune ya rufe ido kamar mai sauraron wa'azi. In wata ya ƙare Inkil ba ta gyaru ba, sake shiri zan yi. Gaya mini gaskiya, za ka iya riƙe ɗakin nan kai kaɗai?”

Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Cewa na yi ya ba ni lokaci. Ba zan ɓoye muku ba, na so kujerar nan. Muna ɗaki ɗaya a gidan gado, Zainabu tana rarrafe, Ummanku tana da cikin Abdulhadi. Na koma gida na zayyana mata komai tana tankaɗen gari a ƙofar ɗaki. Ba ta daina tankaɗen ba.

“Ka iya aikin?”

“Na iya rabi.”

“To rabin da ba ka iya ba, wa za ka kira? Mutumin da ka tura gida?”

“Hauwa'u, ki duba halin da muke ciki.”

“Na duba, ai ni nake kwana a ciki. Malam, mutumin nan ya zo sunan Zainabu da gero a bayan babur tun daga garinsu. Ya ce ka zama idonsa, ka ce to. Ni ban taɓa jin ido ya bar mai shi ya tafi neman aiki ba.”

Washegari na gaya wa Alhaji ba zan iya ba, kuma gaskiya na faɗa.

Muka dawo kan Inkil, wata yana ta tafiya. Rawutoci biyu da ke maƙwabtaka suna gaisawa a kai a kai. Kowace tana aika gaisuwa tana karɓar ta 'yar'uwarta, in ɗaya ta daina jin ɗaya na ɗan lokaci sai ta ɗauka ta mutu, ta rufe hanya. Oga yana so ya ji abin da kowace ke cewa daidai lokacin da hanyar za ta yanke. Ya bar wata tsohuwar hanya siririya zuwa Inkil, ba ta ɗaukar kayan kwastoma amma tana ɗaukar rubutu, don haka ko babbar ta yanke muna iya shiga. Sai in kunna dibog a Tirwun da Inkil in dinga kai da kawo ta zaure. Ina Tirwun, ta ce Inkil ta mutu. In ruga Inkil, tarin magana ya zubo, farkonsa ya ɓace, abin da ya rage yana cewa Tirwun ce ta yanke ta. Kowace tana ɗora wa ɗaya. Muka so mu jera maganganun bisa lokaci, sai ga shi agogon ta Inkil ba ya tsayawa daidai, duk sa'ad da wuta ta ɗauke sai ya rikice. Na buɗe su gefe da gefe a allo ɗaya, amma bakina ɗaya ne, sai in tsinci abin da nake ganin shi ne muhimmi in faɗa masa. Ranar ce kaɗai na ga ya buga tebur.

“Ba labarinka nake so ba! Da idona, kallo ɗaya zan yi wa su biyun. So nake in ji su tare, da kunnena.”

Ya nemi gafarata, sa'annan ya ce ranar Asabar in haɗa kwamfuta ta biyu.

Asabar ɗin Alhaji ya tafi ɗaurin aure. Da hantsi sai ga Oga ya hau bene da matarsa, Maman Rifkatu, malamar firamare, doguwa mai murya kamar ƙararrawa. Ta ajiye jakarta, ta dubi allon da na zaunar da ita a gabansa, ta sa tabarau.

“Baban Rifkatu, wannan Turancin na aljanu ne ko na mutane? Shekara nawa ina koyarwa ban taɓa ganin jimla babu kai babu gindi haka ba.”

“Ba sai ka karanta duka ba, Madam. Sabo, nuna masa.”

“Ni ce masa? Mun tsufa tare har yau ban zama mace a bakinka ba.”

Na nuna mata kalmomi biyu, ta aikawa da ta karɓa. Ita ta shiga Inkil ta ƙofarta, ni na shiga Tirwun ta tawa, ba mai fita ba mai komawa zaure. Dibog na gaisuwa kaɗai muka kunna. Oga ya ja kujerarsa tsakaninmu ya rufe ido. In layi ya fito a wajena in ce ta aika, ko ta karɓa, ita ma haka a wajenta. Da farko muna karo da juna muna dariya, daga baya muryoyin suka daidaita kamar mata biyu a kan turmi. Na ce ta aika, ta ce ta karɓa. Ta ce ta aika, na ce ta karɓa. Rana tana ƙara zafi, kwanon rufi yana ƙara, maƙogwarona ya bushe, Madam tana fifita da murfin kwali amma ba ta tsallake layi ko ɗaya ba.

Sai na ji bakina ya canja. Ta aika. Ta aika. Ta aika. Kalmar karɓa ta daina zuwa wajena. Madam kuwa tana nan yadda take, ta aika, ta karɓa, ta aika, ta karɓa. Ko ni da ban iya komai ba, gashin jikina ya tashi. Can sai Tirwun ta ce Inkil ta mutu, hanya ta yanke.

“Tsaya!” Oga ya miƙe tsaye. “Kun ji? Inkil yana jin Tirwun sarai. Shi ne ba a ji. Kunnensa lafiya, bakinsa ne ke mutuwa in rana ta yi zafi. Wayar da ta hau ƙarfen Inkil, siraran da ke cikinta wasu na kai magana wasu na kawowa. Masu kaiwa ne suka saki a can sama. Sabo, rufe musu baki su biyun, ka ɗauko igiya.”

“To ni wa zai biya ni?” in ji Madam.

“Zan saya maka tsire.”

“Wanda likita ya hana ka, ka ci rabi? Na ƙi.”

Na goya shi a babur muka tafi Inkil. Ka'idarsa ce tun asali, in ɗaya ya hau ƙarfe ɗaya yana ƙasa riƙe da igiya, idonsa a kan na sama. Na hau, na cire kan wayar daga jikin eriya, sai ga shi ya yi kore da tsatsa, ruwan daminar bara ya shiga. Murna ta sa na manta. Na ɗaga shi sama ina ihu.

“Oga, ka gani? Ka ga yadda ya ci?”

Akwai manoma a gindin bishiya suna kallonmu. Ya ce yawwa, bai ƙara ba. Na yanke, na sa sabon kai, na naɗe shi da kyau, na sauko. Washegari rana ta take ta faɗi Inkil ba ta motsa ba, haka jibi, haka gata. Alhaji ya hau bene da kansa yana ta sa albarka. Ni a wajena magana ta ƙare, mun ci, saura mu lallaɓa har Rifkatu ta gama. Amma Oga ya rage magana, gyaɗar ma ya daina ɓarewa. Ranar da ya buɗe baki, muna zaune babu abin da ya lalace.

“Da ka kira ni daga sama, na ɗaga kai. Ban ga waya ba, ban ga ƙarfe ba, ban gan ka ba. Igiya tana hannuna, amma da ƙafarka ta zame, sai dai in ji ƙara. Me zan je in gaya wa Hauwa'u?”

“Oga, sai mu nemi wani ya dinga riƙewa.”

“Jiya matata, yau wani, gobe wa? Rubutu ne na ce ka karanta mini. Ban ce ka ba ni ranka ba.”

Na roƙe shi, na yi fushi, na tuna masa da Rifkatu, har na ce masa abin da bai kamata ƙarami ya ce wa babba ba. Ya bari na gama, sa'annan ya ce in riƙe masa hannu mu sauka wajen Alhaji, domin matakalar ma ta fara yi masa wuya. A gabana ya faɗi komai. Alhaji ya yi masa addu'ar samun lafiya, ya sallame shi da mutunci gwargwadon hali. Kujerar da na so ta zama tawa, na zauna a kanta shekaru masu yawa, kuma ban taɓa jin ta yi mini daidai ba.

Ba za su iya riƙe gidan haya a gari ba, sai komawa ƙauye. Da na gaya wa Ummanku, ta ce to yarinyar fa. Na ce ban sani ba. Ta tashi ta shiga wajen Inna, mahaifiyata, suka yi ƙus-ƙus, aka share ɗakin da ake ajiye hatsi. Haka Rifkatu ta zo Ƙofar Dumi, tana zuwa cocinta ranar Lahadi, tana taya Ummanku dama kunu da azumi, har ta gama karatunta. Ita ce ta fara ɗaukar Abdulhadi ranar da aka haife shi. Wannan ita ce Antinku Rifkatu, in kun taɓa mamakin ta wace hanya muka haɗa dangi.

Ranar tafiyarsu na je da safe na taya lodi. Aka ɗaure katifu da kujeru a bayan akori-kura, maƙwabta suka fito, Madam tana ta ba da umarni tana share ido da gefen ɗankwali. Aka zaunar da Oga a gaba kusa da taga. Na zagaya na duba igiyar kaya, na dawo na tsaya ta wajen ƙofar baya. Direba ya tayar da mota. Oga ya leƙo da kai, ya miƙo hannu, yana fuskantar inda ya ji muryata da farko, wajen da babu kowa sai katanga.

“Malam Gaggawa, kana nan?”

Mutane suna kallo. Na taka a hankali, ba tare da takalmina ya yi ƙara ba, na je na tsaya daidai inda yake kallo, na kama hannun.

“Ina nan, Oga.”

“Na gan ka,” in ji shi. “Ka rame. Ka dinga cin abinci.”

Motar ta ja, na bi ta ina riƙe da hannun har sai da ta fi ni sauri.